Daga Sotouboua Zuwa Dapaong: Maganar Da Muke Haɗiyewa

Duk wanda ya hau babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta nufi iyakar Burkina Faso, sai ya ratsa Sotouboua kafin ya isa Sokode. Garin manoma ne, masu doya da masara da dawa da auduga, kuma yawancin matafiya ba sa tsayawa sai dai su sayi abin taɓawa ta tagar mota. Kaɗan ne cikin matasan da ke wucewa ta nan suka san cewa a watan Mayun 1992 an zubar da jini a garin tsakanin ƙabilun Kabiye da Kotokoli. An kashe mutane, an ƙona gidaje, iyalai sun kwashi 'ya'yansu sun gudu. Manya sun sani. Amma ka tayar da zancen a inda ƙabilun biyu ke zaune tare, za ka ga an sunkuyar da kai, sannan wani dattijo ya ce maka, "Malam, abin da ya wuce ya wuce. A bar kaza cikin gashinta."

Na san daga inda wannan amsa take fitowa, kuma ba na raina ta. Mutumin da ya binne ƙaninsa a wancan lokaci, yau kuma yake sayen taki a shago ɗaya da waɗanda yake zargi, yana da dalilin son a yi shiru. Sai dai shirun nan an riga an gwada shi a Togo, shekara da shekaru, kuma abin da ya faru a Sotouboua yana cikin 'ya'yan da ya haifa.

Rikicin yana da tushe mai nisa. Tun kafin zuwan Turawa, mahayan dawakin Kotokoli kan kai hari ƙasar Kabiye su kamo mutane. Da Jamusawa suka kafa bariki a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19, sai suka yi amfani da waɗannan mahaya wajen murƙushe mutanen duwatsu, suka kuma riƙa kwasar Kabiye zuwa aikin tilas na hanya da na jirgin ƙasa. Faransawa da suka gaje su, daga shekarun 1920 suka fara ɗebo Kabiye da Losso daga duwatsun yankin Kara, inda mutane suka yi wa ƙasa yawa, suna zaunar da su a filayen da ke tsakanin Atakpame da Sokode, domin a sami masu gyaran hanya da masu noma. Layin dogo ya iso Blitta a 1934. Bayan waɗanda aka kawo dole, wasu dubbai suka biyo da ƙafarsu neman gona. Haka Sotouboua ta cika. Daga nan ne tambayar da ba ta mutuwa ta samo asali: ƙasar ta wace ce? Wannan ya ce kakansa ne ya ba da aro, wancan ya ce kakansa ne ya sare dajin lokacin da babu kowa sai namun jeji. Kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su a fili domin a auna gaskiyar biyu.

Sai siyasa ta hau kan wannan. Gnassingbé Eyadéma, ɗan Kabiye daga Pya, ya karɓi mulki a 1967, ya kafa jam'iyyarsa ta RPT a 1969, ita kaɗai tilo har zuwa 1991. A tsawon waɗannan shekaru, a rediyo da wuraren taro babu abin da ake ji sai haɗin kai da zaman lafiya. Kowa ya san cewa 'yan ƙabilar shugaban ƙasa sun yi rinjaye a soja, kowa ya san mutanen kudu suna da ƙorafi, kowa ya san ana gunaguni a kan gonaki, amma faɗin haka a fili yana iya kai mutum inda ba ya dawowa. Fiye da shekara ashirin aka yi ana haɗiye magana. Da murfin ya ɗan ɗaga a 1991, lokacin babban taron ƙasa, abin da ya fito ba muhawara ba ce. An kori manoman Kabiye daga wasu yankunan kudu, talakawan da ba su ci komai a mulkin ba sai dai sun yi tarayya da mai mulki a harshe. A watan Oktoban shekarar aka gwabza tsakanin Moba da Cokosi a Barkoissi, kusa da Mango. Ranar 5 ga Mayun 1992 aka yi wa ayarin jagoran adawa Gilchrist Olympio kwanton ɓauna a Soudou, aka ji masa mummunan rauni, aka kashe wasu daga cikin abokan tafiyarsa. Watan bai ƙare ba Sotouboua ta kama.

Mutanen da aka hana su yin magana da juna ba su daina magana ba. Sun koma cikin gida ne suna yi, kowa da nasa, cikin harshensa, inda babu mai ce masa "a'a, ba haka aka yi ba". Uwa ta gaya wa ɗanta su wane mayaudara ne, kaka ta gaya wa jikanta su wane bayinmu ne a da. Irin wannan zance yana cin gari ne kamar yadda gara ke cin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da ruwa ya yi nauyi.

Kundin tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a watan Satumban 1992, wata huɗu kacal bayan Sotouboua, ya haramta wa jam'iyyu jingina da ƙabila ko yanki ko addini, ya kuma tanadi hukunci ga nuna wariyar launi da ɓangaranci da ƙyamar baƙi. Rubutu ne mai kyau. Amma abin da ya fi nuna mini cewa mutane suna ƙishirwar magana shi ne hukumar gaskiya da adalci da sasantawa da aka kafa a 2009, ƙarƙashin Bishop Nicodème Barrigah, wadda ta binciki abubuwan da suka faru daga 1958 zuwa 2005. Sama da mutum dubu ashirin ne suka je suka ba da bayani. Talakawa ne, zawarawa da tsofaffin manoma da waɗanda aka ƙona wa rumbu, suka zauna gaban baƙin fuska suka faɗi abin da ke cin su. Hukumar ta miƙa rahotonta a watan Afrilun 2012 da shawarwari 68. Ana iya sukar abin da ya biyo baya, kuma ni ma ina cikin masu ganin cewa diyyar kuɗi da addu'o'in tsarkake ƙasa da aka yi a 2017 ba su maye gurbin hukunta masu laifi ba. Duk da haka, mutum dubu ashirin sun yi magana kuma ƙasa ba ta tsage ba. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa tone-tone ne ke kawo fitina.

Mu mutanen zango muna da namu shirun na musamman, kuma shi ne ya fi damuna. Kakanninmu sun biyo hanyar goro ne, daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta Nikki da Jugu, su ratsa ƙasar Kotokoli su nufi Salaga a Gwanja, wasu kuma ta Mango. Kusan kowane gari a kan wannan babbar hanya yana da zangonsa. Darasin da aka gada daga fatake shi ne: kai baƙo ne, ka gaida sarkin gari, ka yi cinikinka, ka yi sallarka, kada ka tsoma baki a rigimar masu gida. Tarihi kuma ya ƙara buga wannan darasi a kanmu. A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, zanguna suka watse, mutanen da aka haifa a can suka tsinci kansu a kan iyaka da ƙunshin kaya. A 1977 aka rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa can bayan gari wajen Agoè. A 1983 Najeriya ma ta yi tata korar, 'yan Togo da 'yan Ghana suka sha. Wanda ya ga waɗannan da idonsa, in ya ce wa ɗansa "baki shi ke yanka wuya", ba tsoro kawai yake koya masa ba, labarin rayuwarsa yake ba shi.

Amma jikan jikan bafatake, wanda aka yanke wa cibiya a Sokode, ya yi makaranta a Sokode, yake biyan haraji a Sokode, har yaushe zai ci gaba da zama kamar mai jiran ayari ya tashi? Da yawa cikin 'yan zango suna kukan wahalar da suke sha kafin su sami takardar zama ɗan ƙasa, saboda sunansu ya yi kama da na baƙi. Kukan gaskiya ne. To amma wanda yake neman a karɓe shi a matsayin ɗan gari, dole ya ɗauki nauyin ɗan gari, kuma cikin nauyin akwai buɗe baki idan ana zaluntar maƙwabci.

Ba zan yaudari kowa cewa magana kyauta ce a Togo ba. Ranar 19 ga Agustan 2017 jam'iyyar adawa ta PNP, ta Tikpi Atchadam, ta fito da jama'a a Sokode da wasu garuruwa, suna neman a koma kan kundin 1992 mai ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa. An rasa rayuka. A watan Satumba aka katse intanet. A tsakiyar Oktoba aka kama wani fitaccen limamin Sokode mai kusanci da jam'iyyar, gari ya hargitse, aka sake rasa rayuka, har da na yara da na sojoji. Abin lura a nan shi ne yadda aka yi ta ƙoƙarin mayar da ƙorafin siyasa ya zama na ƙabila da addini, a ce ai tashin Kotokoli ne, ai masu tsattsauran ra'ayi ne. Tsohuwar dabara ce: in ka sa wa magana rigar ƙabila, sauran ƙabilu za su ja baya. A watan Yunin 2020 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa katse intanet ɗin ya take haƙƙin faɗin albarkacin baki. A 2025 kuma aka kama mawaƙi Aamron bayan ya soki shugaban gwamnati, matasa suka fito a Lome, aka dakatar da RFI da France 24 na wata uku. Saboda haka ba na zargin mai iyali da ya ƙi fita titi. Kowa ya san nauyin da ke kansa.

Akwai dai wata magana da babu jandarman da ya hana, babu dokar da ta taɓa ta, kuma ita ce muka fi gudu. Ita ce wadda mutum zai yi wa nasa: yayansa, abokin majalisarsa, mai gidansa a kasuwa, mahaifiyarsa. Sukar gwamnati tana jawo wa mutum tafi a wurin mai shayi. Amma ka ce wa kawunka, "Kawu, wannan kalmar ba ta dace ba," ba mai tafa maka, sai dai a ce boko ya lalata ka.

Mun iya fushi idan wariyar ta zo daga waje. A watan Nuwamban 2017, da CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, babu zangon da bai girgiza ba, domin kowa yana da ɗa ko ƙane a kan hanyar Agadas. Da aka kashe baƙar fata George Floyd a Amurka a watan Mayun 2020, hotonsa ya cika wayoyinmu. Da shugaban Tunisiya Kais Saied ya yi jawabinsa a watan Fabrairun 2023, yana nuna baƙin haure daga kudu da Sahara a matsayin makirci na canja fuskar ƙasarsa, aka shiga korar mutane daga gidajen haya, mun la'anta. 'Yan matanmu da ke tafiya aikatau Lebanon da ƙasashen Larabawa suna dawowa da labaran da ke sa mutum kuka. Wannan fushi halal ne, kada ya ragu ko kaɗan.

Sai mu dawo gida mu saurari kanmu. Maƙwabcinmu ɗan Kabiye da muka yi shekara talatin muna gaisawa, a bayan idonsa "arnen nan" ne. Ɗan Kotokoli ko ɗan Moba da ya zo neman auren 'yarmu, ko da ya fi mu karatun addini, sai a ce, "Ai ƙabila ne." Wanda ya musulunta tun kafin a haife mu, har ya mutu "tubabbe" yake. A cikinmu ma ba mu bar juna ba: an fasa aure nawa saboda an gano kakan yaro mahauci ne, ko wanzami, ko an ce asalinsu bayi ne? Uwa takan yi wa ɗanta addu'ar samun farar mace, a yi dariya a ce ko da mayya ce, sannan mu yi mamakin yadda 'yan mata ke ƙona fatarsu da man shafe-shafe. Balaraben da ya kira 'yarmu baiwa da mu da muka hana ɗan mahauci aure, ma'auni ɗaya muka ɗauka. Bambancin kawai, a can mu ne a ƙasa.

Malamanmu sun san labarin Abu Zarri, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata masa, ya nuna masa cewa wannan ragowar halin jahiliyya ne. Abin da nake so a duba shi ne wanda aka tsawatar wa. Sahabi ne na kusa, na cikin gida, kuma ba a jira wani lokaci ba, ba a ce a bar shi don kada ransa ya ɓaci ba. Muna jin labarin a wa'azi muna girgiza kai, mu fito daga masallaci mu ci gaba daga inda muka tsaya.

Za a ce mini wasa ne. Na san wasa, kuma ina son sa. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, taubasai da jikoki da kakanni, wannan dukiya ce, har UNESCO ta sanya irin wannan wasa na Nijar cikin al'adun duniya da ake tattali a 2014. Amma wasan yana da doka. A gaban ido ake yinsa, kowa yana da damar ramawa, kuma bayansa akwai amana: abokin wasanka ba ya cutar ka, in ka shiga uku shi ne zai fara zuwa. Kalmar da ake faɗa bayan mutum ya juya baya, wadda in ya ji ba zai iya mayarwa ba, wadda ke hana shi aure ko haya ko aiki, kada a laƙaba mata sunan wasa.

Abin da ya sa nake ganin maganar nan ba ta jira shi ne halin da ake ciki a Dapaong da kewayenta. Tun watan Nuwamban 2021, lokacin da aka kai hari Sanloaga a yankin Kpendjal, yaƙin Sahel ya tsallako Togo. A watan Mayun 2022 aka kashe sojoji takwas a Kpékpakandi. A watan Yuni aka kafa dokar ta-ɓaci a duk yankin Savanes. Ƙauyuka sun watse, dubban mutane sun bar gonakinsu, ga kuma 'yan gudun hijira daga Burkina Faso. Tsoron da mutanen Dapaong da Mandouri da Cinkassé ke ciki na gaske ne, kuma wanda aka yanka masa ɗan'uwa a gona babu mai ikon ce masa kada ya yi fushi.

Sai dai tsoro yana neman fuska, kuma fuskar da aka samo ita ce ta Bafulatani. A kasuwa, a tasha, a zaurukan WhatsApp, maganar ɗaya ce take yawo: "Duk su ne." "Ba ka raba na gari da mugu a cikinsu." "Da rana makiyayi, da dare ɗan ta'adda." Mun san inda wannan hanya take kaiwa, domin wasu sun riga mu bin ta. A Yirgou ta Burkina Faso, a farkon Janairun 2019, bayan 'yan bindiga sun kashe wani mai gari, 'yan banga suka far wa rugagen Fulani suka yi ta kisa. A Ogossagou ta Mali, ranar 23 ga Maris na shekarar, an kashe Fulani sama da 150 a safiya ɗaya, mata da yara a ciki. Mu Hausawa ba ma bukatar zuwa nesa: Zamfara ta ishe mu. 'Yan sa-kai sun riƙa kama Bafulatani a kasuwa su kashe shi ba shari'a, 'yan bindiga su rama a kan ƙauye guda, a sake ramawa, har aka kai inda babu wanda ke iya tuna wa ya fara, kuma mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya suka zama ba sa haɗa hanya.

A watan Nuwamban 2018 Amadou Koufa, jagoran wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi a Mali, ya fito a wani bidiyo yana kiran Fulanin Afirka ta Yamma da sunan ƙabilarsu su shiga yaƙinsa. Abin da yake so a yarda da shi kenan, cewa Bafulatani ba shi da wurin zama sai a wajensa. Mafi yawan Fulani ba su amsa ba, kuma su ne ma suka fi shan wuya a hannun mutanensa: a karɓe musu shanu da sunan zakka, a kashe ardon da ya ƙi ba da yara. Duk lokacin da ɗayanmu ya ce "duk su ne", yana tabbatar wa saurayin ruga abin da Koufa ya gaya masa. Wannan aikin ɗaukar mayaƙa ne, muna yi wa maƙiyinmu kyauta.

Kare Bafulatani daga ƙazafi ba ya nufin a rufe ido. Akwai Fulani cikin masu ɗauke da makamai, kamar yadda akwai wasu ƙabilun. Akwai makiyayan da ke tura shanu gonar talaka da gangan, su bar shi da hawaye. Wannan ma a faɗe shi, kuma ardo'o'i da shugabannin makiyaya su ne ya kamata su fara faɗa, kamar yadda nake neman mu fara da namu. Ƙa'idar dai ita ce a ambaci aikin da wanda ya yi shi, a bar ƙabilarsa. "Shanun wane sun cinye gonar wane ranar kaza" magana ce da za a iya kai wa gaban mai gari a biya diyya. "Fulani sun cinye mu" ba ta da wanda zai biya sai wanda aka fara cin karo da shi a hanya.

Ko hukuma ta taɓa nuna cewa faɗin gaskiya mai ɗaci ba ya rushe komai. A watan Yulin 2022, da aka kashe yara bakwai a Margba cikin dare, rundunar sojan Togo ta fito ta amsa cewa jirginta ne ya yi kuskure, ya ɗauke su 'yan bindiga. Amsawar ba ta dawo da yaran ba, amma ta rufe ƙofar jita-jitar da za ta iya ɗora jinin a kan wata ruga.

Na ga yadda ƙaramar magana ke aiki a wata mota da ta tashi daga Dapaong za ta kudu. Wani saurayi Bafulatani ya shigo da sandarsa da 'yar jakarsa, sai hira ta mutu. Wani matashi daga baya ya ɗaga murya da Hausa, don kowa ya ji: "Direba, ka san wanda ka ɗauko kuwa?" Wata dattijuwa 'yar kasuwa da ke gaba ta juyo.

"Ɗana, ka san shi ne?"

"A'a, Hajiya, amma ai kin san halinsu."

"Ni na san uwarsa. Tun ba a haife ka ba nake sayen nono a hannunta. In kana da shaida a kansa, ga hukuma can, je ka faɗa. In ba ka da ita, ka ji tsoron Allah ka bar ɗan mutane ya yi tafiyarsa."

Matashin ya yi gunaguni ya yi shiru. Ban ce zuciyarsa ta canja ba. Amma sauran fasinjoji sun ji cewa maganarsa ba ta kowa ba ce, kuma yaron ya ji cewa a motar nan akwai wanda ya san shi mutum ne mai uwa. Hajiyar ba ta yi wa'azi ba, abin da ta sani ta faɗa, a lokacin da ake bukatarsa.

A nan ne nake ganin 'yan zango suna da abin da wasu ba su da shi. Hausa ce harshen ciniki a yawancin kasuwannin dabbobin arewa. Mu ne dillalai, mu ne fatoma masu saukar da baƙi, mu ne mahauta, mu ne direbobin da ke ɗaukar shanu zuwa Lome. Dillalin da ya yi shekara ashirin a kara ya san wane Bafulatani ne ɗan gida, ya san ubansa da rugarsa da shaidar da ke jikin shanunsa, ya kuma san baƙon da ya zo da shanun da ba a san asalinsu ba yana neman a saya da arha cikin gaggawa. Muna sallah sahu ɗaya da makiyayi, muna cin kasuwa ɗaya da manomin Moba, kowannensu yana shiga zaurenmu. Sana'ar kakanninmu ita ce tsayawa tsakanin mutum biyu da ba su yarda da juna ba har a daidaita. In muka yi shiru yanzu, ko muka bi sahun masu cewa "duk su ne" don kada a haɗa da mu, to mu tuna cewa a idon mai fushi, tazarar da ke tsakanin rawanin Bafulatani da hular ɗan zango ba ta da yawa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma da sunan waɗanda nake roƙo. Limamanmu na Sokode da Sotouboua da Dapaong, Allah ya gafarta malam, a ware huɗuba sukutum a kan gori da asali da ƙazafin ƙabila, a ambaci kalmomin da muke faɗa da bakinmu, kada a tsaya kan Larabawan jahiliyya. Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa da na kasuwa, idan saƙon murya ya shigo yana cewa an ga Fulani kaza a wuri kaza a tashi tsaye, a tambayi wanda ya turo: wa ya gani, yaushe, an gaya wa hukuma? In babu amsa a goge, a kuma faɗi dalilin gogewa a gaban kowa. Dillalai da fatoma, idan aka kama mutumin da kuka sani shekara da shekaru, ku je ku ba da shaidar abin da kuka sani, ba ƙari ba ragi, kuma ku daina sayen shanun da kuka san na sata ne, domin kuɗinsu harsashi yake zama. Sarakunan zango kuwa, ranku ya daɗe, kada ku jira a kira ku taron gwamnati. Kafin kaka ta wuce shanu su fara gangarowa, ku gayyato ardo'o'i da masu garin Moba da Gurma zaurenku, a zauna a fayyace burtali da mashaya, a amince da wanda zai kimanta ɓarna in ta faru, a kuma rubuta sunan wanda za a kira da dare idan wani ya ɓata.